Rasuwar Injin Haƙar Kirifto na Lukmanu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, Lukmanu ɗan Alhaji Hamadu mahauci, na unguwar Yelwa a Garwa, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar injinsa na haƙar kuɗin kirifto, wanda ya cika ranar Laraba da hantsi a ɗakin ajiya na gidansu.

Marigayin ya iso daga garin Kuseri a cikin kwali, bayan ya yi ƙuruciyarsa a hannun wani a ƙasar waje. Ba a taɓa jin ya yi gardama ba. Maganarsa ɗaya ce, vuuuu, kuma maƙwabta sun shaide shi da ita. Ya kasance mai haƙuri da zafin Garwa, ga naci a kan aiki. Abin da ba a gaya wa Lukmanu ba shi ne, a wasu ƙasashe akwai rumbuna cike da dubban irinsa, sababbi fil, suna shan wuta mai araha ba yankewa, kuma duk abu ɗaya suke haƙa. Kafin marigayin ya sara sau ɗaya, sun kwashe.

Cin wuta ne rauninsa. Mita ɗaya yake sha da firizar da Alhaji ke ajiye nama, kuma in an kunna su tare sai mitar ta yanke. Da bazara ta kama, ruwan madatsa ya ja baya, aka koma raba wuta unguwa-unguwa. Sai Lukmanu ya fara zare firizar a ɓoye duk lokacin da aka kawo, yana ce wa ransa ƙanƙarar ciki za ta riƙe.

A makon nan firizar na ɗauke da naman bijimin sa guda, na bikin 'yar Madam Thérèse mai gidan abinci, wadda tun Lukmanu bai fara tafiya ba take sayen nama wurin Alhaji. Lukmanu ya zare ta, ya fita, ya manta. Ranar Laraba wuta ta dawo da ƙarfi, marigayin ya yi ƙiii, ya yi tas, hayaƙi ya tashi. Ƙaurin ne ya jawo Alhaji ɗakin, wani warin kuma ya sa ya ɗaga murfin firiza. Ya ga wayarta yashe a ƙasa. Ya dubi ɗansa ya ce, "Ɗauko bokiti." Shi da kansa, da furfurarsa, ya taka har gidan Madam Thérèse ya ba ta haƙuri.

Marigayin ya bar fanka biyu masu rai, da doguwar waya, da tabon baƙi a bango, da Lukmanu, wanda yanzu sai ya leƙa titi kafin ya fita.

Za a ɗauki gawar ranar Asabar da safe a bayan moto, wato babur, zuwa shagon Sylvain mai gyaran rediyo, wanda ya yarda ya cire abin da zai moru. Za a bi ta bayan gari, ba ta layin mahauta ba. Babu zaman makoki. Mai son yin ta'aziyya zai sami Lukmanu a tsakar gida yana wankin firiza karo na uku, kuma ana roƙon a zo da sabulu.