Yadda za ka ci gaba da zuwa wurin mai kifi bayan an gyara kwamfuta

Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka. Dabarun nan an gwada su a kan Misbahu, magatakardan wata ƙungiyar masu noman rani a Dutsin-Ma, kuma ina ba ka tabbacin suna aiki.

Da can, in ya danna tura hotunan gonakin Zobe, shafin sai ya sandare, ba a taɓa komai sai sun gama tafiya. Shi kuwa ya tsallaka titi wurin Mardiya mai soya kifi, wadda yake mutuwar so amma ya kasa faɗa mata. Kwatsam shugabarsu Hajiya Kande ta sa aka gyara shafin: hotuna na tafiya ta bayan fage, kai kana ci gaba da rubutu. Wannan ai zalunci ne!

1. Ɓata rai
Danna tura, ka ɗage hannuwa kamar ka taɓa tukunya mai zafi. In Hajiya ta ce, "Ba an ce yanzu ba ta tsayawa ba?" ka ce, "Hajiya, wanga gyara sabo ne, a bari ya kama jiki."

2. Ɗora wa sabis laifi
Bai taɓa kare kansa ba.

3. Fita nemansa
Ɗaga kwamfutar sama, ka yi gabas, ka yi yamma. Masana sun tabbatar sabis ya fi taruwa inda ake suya. Misbahu ya same shi daidai gaban kaskon Mardiya, har da rawar kafaɗa.

4. Rufe wa kwamfutar baki
Nan gwaninmu ya yi sakaci. Sabon shafin in ya gama sai ya yi ƙara. Ya kuwa yi, ƙil! a daidai lokacin da Hajiya ta zo sayen kifi.

"Mi nika ji haka, Misbahu?"

Mardiya ko ɗago kai ba ta yi ba. "Kullum haka take yi, Hajiya. Ita ta gama, shi ne bai fara ba." Ta juya kifi. "Malam Misbahu, in magana gare ka, aje abin nan ka faɗa. Hannunka zai sage."

Sanarwa: in an mayar da kai reshen Wurma, ba ruwana, ban san ka ba. Misbahu ma can yake yanzu. Amma fa sai da ya faɗa.