Kyandir ɗin Jikan Stamatis

Zafiris yana ɗinkin raga a bakin teku sai mai gidan burodi ta zo ta gaya masa Stamatis ya faɗi a gonar zaitun, bai tashi ba. Ya ajiye allurar, ya kasa zama, ya kasa tafiya. Ɗan kawunsa ne, abokin wasansa tun suna wanka tsirara. Jiya ma suna tare a shagon kyandir, don Zafiris ne uban baftismar jikan Stamatis, shi zai sayi kyandir ɗin bikin, shi zai furta sunan yaron a gaban firist a coci ranar Lahadi.

"Sannu da zuwa, ragon tsibiri," in ji Stamatis, yana zagaya shagon kamar kaza mai neman wurin ƙwai. "Wannan ne kyandir ɗin? Tsinken sakace ya fi shi kauri."

"Daidai da jikan ne," in ji Zafiris. "Zauna mana, kana sa ni jiri. An ce maka Stamatis, wato tsaya, amma akuya ta fi ka zama wuri ɗaya."

"Ba ni aka ce wa tsaya ba, jahili. Mutuwa uwata ta ce wa. 'Ya'ya maza ta yi ta binnewa kafin ni, da aka sa mini sunan sai abin ya tsaya."

"Leƙowa ta yi ta ga fuskarka, ta ce a kai kasuwa."

"Ko ma mene ne, ga ni. Sunana za ka faɗa, ko?"

"Zafiris zan ce. Dutse mai daraja, yaro ya tashi da ƙyalli."

"Ƙyallin ruɓaɓɓen kifi. Kai da ragarka ba ta kama komai sai takalman baƙi."

"Kana cikin ruwa kana gaba da kada? Bakin da zai faɗi sunan nawa ne fa."

Sai Stamatis ya tsaya cak, abin da ba ya yi.

"Matar ɗana ta sha ɓari kafin wannan. Shi ma ka ga yadda ya zo, kamar ɗan tsako. Sunan ya riƙe ni. Bari ya riƙe shi."

Zafiris ya yi dariya don kada idonsa ya tona shi. Ya mayar da siririn kyandir, ya ɗauko wanda ya fi duka girma, ya dangwara masa a hannu.

"Ungo, kai gida. Ka ci nasara."

"Ka faɗa da ƙarfi fa. Kunnen nan na hagu ya daina aiki."

"Kai dai ka tsaya kusa da ni, tsohon banza. Za ka ji."