Inuwa Direba da Wazirin Amir

"Ni fa da kuke gani, tuƙin nan taimaka wa kamfani kawai nake yi," in ji Inuwa, ya ɗora ƙafa kan kujera a shagon shayi na Al-Oud. "Ƙwaƙwalwar ƙungiyar nan gaba ɗaya tana ƙarƙashin wannan hular."

Bari in gabatar maka da gwanin, ɗan'uwa. Inuwa direba ne a wani kamfanin tayal da ke unguwar Ulaya a birnin Riyad. Masu kamfanin, da abin duniya ya yi musu yawa, suka sayi ƙungiya a gasar shaɗaranji, wato darar nan mai sarki da waziri da dawakai. Suka kwaso ƙwararru daga ƙasashe, suka raɗa musu suna Shahunan Ulaya. Aikin Inuwa shi ne ya ɗauko su daga filin jirgi, ya kai su otal, ya kai su zauren wasa. Amma tun da ya taɓa cinye wani tsoho mai ciwon ido a dara a Gumel, ya naɗa kansa Sarkin Dara. Burinsa ɗaya a duniya: a raba shi da sitiyari, a mai da shi mashawarcin ƙungiya, a goge "direba" daga igamarsa, wato katin izinin zamansa a ƙasar.

Abokin ɗakinsa Salissou, mutumin Maraɗi mai goge gilasan kamfanin, ya ce, "Sarki, ka ma san yadda dokin yake tafiya?"

"Kai dai ji da tsummanka. Dara ai dara ce, ado kawai suka ƙara mata."

Ya fara da Amir, babban ɗan wasan ƙungiyar, wani siririn saurayi da ba ya magana sai dole. Kullum a mota Inuwa na koya masa wasa da guntun Larabci da guntun Turanci, Amir na ta gyaɗa kai. Inuwa ya ji daɗi, ga ɗalibi mai ladabi. Bai lura da abin sauraron waƙa da ke toshe a kunnen yaron ba. Rannan darasi ya yi daɗi har ya wuce mahaɗar da zai sauka, suka yi ta gewaya Riyad, kafin su isa agogon wasa ya yi nisa da cin lokacinsu.

"Na gwada juriyarsu ne," ya ce wa Salissou.

Daga nan ya tunkari mudir, wato manajan kamfanin, Ustaz Kamil, ya zayyana masa tarihinsa na Gumel. Mudir bai ɗago daga wayarsa ba ya ce, "In sha Allah, ba'den." Duk wanda ya kwana biyu a Riyad ya san an sallame shi ke nan. Inuwa kuwa ya fito yana karɓar barka, har ya saya wa jama'a shayi.

Sai ga wasan kusa da na ƙarshe, da ƙungiyar wani kamfanin siminti. Da yake Inuwa ne ke dakon kayan ƙungiya, ya zari kwat ɗin wani jami'i da bai zo ba, ya rataya katinsa a wuya, ya shige ya yi zaman ƙasaita a benci na jami'an Shahuna. Hannun kwat ɗin ko wuyan hannunsa bai kai ba.

To, ka san darar gida. Mutum biyu ke wasa, mutum ashirin ke ihu. Wannan ya ce sa nan, wancan ya ce kai wawa ne, wani ma ya miƙa hannu ya matsa maka ɗa. Wanda ya yi shiru a gindin dara, ba a ɗauke shi ya san komai ba. Nan kuwa zaure ne tsit, ko tari ka yi sai an harare ka. Inuwa ya dubi jami'an da ke gefensa, kowa ya naɗe hannu. Ya ce a ransa, kai, ashe duk cin banza suke yi, yau mudir zai ga bambanci.

Sauran alluna suka tashi kunnen doki, ya rage na Amir. In ya ci, Shahuna sun kai wasan ƙarshe. Amir ya daɗe yana kallon allo, sannan ya ɗauki wazirinsa, ɗan da ya fi kowane ƙarfi, ya nufi bakin dokin abokin karawa da shi. Inuwa ya gyara zama. Ya yi gyaran murya. Ya yi tari. Yaro bai waiwayo ba. Sai Sarkin Dara ya miƙe tsaye.

"La! La! Amir, irja! Kai yaro, za a cinye shi! Mai da shi baya!"

Zaure ya ɗauka. Alƙalin wasa ya tako ya tsai da agogo, ya dubi katin da ke wuyan Inuwa. Da ɗan kallo ne, korarsa kawai za a yi. Amma jami'in ƙungiya ya ba ɗan wasa shawara ana tsakar wasa, a dokar gasar an ba abokin karawa allon ke nan.

Amir ya juyo, idonsa jajur, ya yi maganar da ta fi kowace tsawo tun zuwansa Riyad. Ya ce da gangan ya ba da wazirin. In dokin ya ci, sarkin wancan ba shi da sauran mafaka, wasa ya ƙare.

"To ai ba ka faɗa min ba," in ji Inuwa.

Mudir Kamil da kansa ya tuɓe masa kwat, a gaban kyamarori. Mukullin mota ma ya karɓe, ya ce su haɗu a ofis a yi maganar igama.

Inuwa na tsaye a bakin titi cikin singileti, Salissou na masa jaje yana danne dariya, sai ga mudirin kamfanin siminti ya nufo su da fara'a, ya kama hannun Inuwa biyu-biyu.

"Ya ustaz, kai muke nema. Ran Juma'a muke wasan ƙarshe, kuma muna buƙatarka."

Inuwa ya buɗe ƙirji, ya zunguri Salissou. "Ka gani? Masu ido sun gani." Ya juya ga mudirin. "Mafi mushkila, ba matsala. A wane benci zan zauna?"

"Na abokan karawarmu," in ji mudirin. "Kwat ɗin ma mu za mu ɗinka maka."