Kaset ɗin Sifaniyanci a Rumfar Alhaja Adijat

"Buwenos diyas, maigida! Komo estas?"

Taofeek ya tsaya cak a bakin rumfar, bai ƙarasa sallamar da ya ɗauko ba. Ya duba dama, ya duba hagu. Ba kowa sai kakarsa, Alhaja Adijat, zaune a tsakiyar kwanukan da take sayarwa a Kasuwar Sabon Gari, tana goge murfin samira da gefen zani kamar ba ita ta yi maganar ba.

Shekarar da soja suka miƙa mulki ce, hotunan 'yan takara ma ba su gama ɓallewa daga bangon kasuwa ba. Taofeek yana ajin farko a wata jami'a a kudu, yana karatun Faransanci, aka ce dole kowa ya ƙara harshe na biyu. Gogan naka sai ya zaɓi Sifaniyanci, wanda ko kalma ɗaya bai taɓa ji ba. A takarda dai ba laifi. Amma ranar jarrabawar baki, da Malam Celestine ya ce ya miƙe ya gabatar da kansa, bakin ya ƙi buɗuwa, aji ya kwashe da dariya. Malamin ya ba shi dama ta ƙarshe ranar Litinin mai zuwa. Shi kuwa tun da ya zo hutu Fagge ya yanke a ransa ba zai koma ba. Kaset ɗin darasin malamin ne ya manta a rikodar kakarsa, shi ya zo karɓa ya aika wa mai shi.

"Na gaishe ka, ka yi shiru," in ji Alhaja. "Ko a can ƙasar taku miji ba ya amsa gaisuwar matarsa?"

"Tsohuwa, wa ya koya miki wannan?"

"Kai ne tsoho, da ka fara mantuwa kana ɗan shekara ashirin. Kwana tara kaset ɗinka yana cikin rikodata. Na danna zan ji wa'azi, sai na ji wani bawan Allah yana zuba kamar ana juye gyaɗa a faranti."

"Sai kika kashe."

"In kashe? Baƙo ya shigo rumfata yana gaisuwa in toshe masa baki? Ya faɗa, ya yi shiru, ni kuma in maimaita. Mutumin kirki ne, yana ba da fili, ba irinka ba."

"Kin ma san abin da kika ce?"

"Na ce ina kwana, na ce yaya kake. Wadda ta yi shekara arba'in da biyar a kasuwa, ko da yaren aljanu aka gaishe ta, ta san gaisuwa ce."

"To madalla. Ba ni kayan mutane, aika masa zan yi."

"Aikawa? Ƙafarka kuma jingina ka ba da ita?"

"Na bar karatun, Alhaja. Ba zan koma ba."

Ta ajiye murfin a hankali, ta dube shi tun daga takalmi har hula.

"Soja da bindigoginsu sun koma bariki, kai da ɗan bironka ka ƙi komawa aji?"

"Soja ba wanda ya yi musu dariya."

"Wa ya gaya maka? A ɗaka muka yi ta yi, murya ƙasa-ƙasa. Yanzu an ce kowa ya buɗe baki, mai faci ma da ra'ayinsa, sai mijina kaɗai ya zaɓi zama bebe. To sallame ni. Ga Okechukwu mai fitilu nan, ya daɗe yana so na."

"Ya ɗauka, har lefe zan taya shi haɗawa. Wa zai yi kishi a kan mace mai haƙora biyar, biyu ma na Makka ne?"

"Da biyar ɗin nake Yarbanci, nake Hausa, nake yaren su Okechukwu, nake Turancin kasuwa, ga na biyar ya shigo makon jiya. Kowane haƙori da harshensa. Kai talatin da biyu reras, ko ɗaya bai yi maka rana ba."

Dariya ta ƙwace masa ba da son ransa ba. Ya zauna a kan benci, ya sunkuyar da kai.

"Ba wasa nake ba. Kalmomin suna nan a kaina. Da na miƙe na ga idanu, sai su watse. Ke ba ki san abin ba."

"Ni ce ban sani ba?" Ta gyara ɗaurin kallabi. "A tashar jirgin can na sauka da ubanka a goye, ko sannu ban iya ba. Kwanana uku a garin nan kakanka ya zaunar da ni a rumfar nan, ya ce zai je ya dawo, bai dawo ba sai la'asar. Da gangan ya yi, mugu, Allah ya jiƙansa. Duk abin da mai saye ta faɗa sai in mayar mata. Ta ce ina mai rumfar, in ce ina mai rumfar. Layin nan kaf aka taru ana kallo na, har da masu jawo kujera. Na ɓuya bayan kwallaye na sha kukana. Washegari na dawo na duba kayana, dariyar ba ta fasa min ko kwano ɗaya ba."

Tun tasowarsa Taofeek ya san ta da Hausar da Kanawa ke shakka, ita ake kira ta raba gardama a layin, ita ke yi wa matan Fagge jagora in za a kai ƙorafi gidan mai unguwa. Bai taɓa kawowa a ransa cewa akwai ranar da bakin nan ya taɓa rasa abin faɗa ba. Sai ya ji ta ƙara girma a idonsa, har kunyar kansa ta kama shi.

"Kuma kai maƙaryaci ne," ta ce. Ta zare kaset ɗin, ta juya bayansa, ta danna.

Muryarsa ce ta fito. Ya manta shaf ya ɗauki muryar kansa a ɗakin ajiyar gidansu, yana faɗar jimla ɗaya, ya yi tuntuɓe, ya ja tsaki, ya sake daga farko.

"Kashe, don girman Allah!"

"Ban kashewa. Na ƙirga maka da murafen kwano, duk sakewa ɗaya murfi ɗaya. Murafen suka ƙare ba ka gaji ba. Wanda ya yi wannan shi kaɗai ba rago ba ne, ni da kaina na jinjina maka. Laifinka ɗaya, bango ka yi ta yi wa magana, bango kuwa ba shi da ido."

Kafin ya gane inda ta dosa, ta ɗauki ludayi ta shiga dukan fanteka.

"Agnes! Okechukwu! Ku fito, mijina zai yi lacca!"

Agnes mai rumfar tangaran da ke daura da su ta fito tana share hannu. Okechukwu ya leƙo, ya jawo wasu masu saye biyu. Mai rake ma ya ajiye baronsa. Nan da nan bakin rumfar ya cika.

"Alhaja, kashe ni za ki yi."

"In ka mutu takaba ce kawai, na taɓa yi. Hau bencin."

Ya hau. Ta ɗaga haɓa irin ta malamai, ta jefa masa tambayar farko ta kaset ɗin, wadda ake tambayar mutum sunansa.

"Komo te yamas?"

Idanu suka yi masa caa. Kalmomin suka soma watsewa yadda suka saba. Agnes ta ƙyalƙyale tun bai ce komai ba.

"Me yamo Taofeek," ya faɗa ƙasa-ƙasa.

Aka fashe da dariya. Okechukwu har da dukan cinya.

"Ba mu ji ba!" in ji Alhaja. "Mai rake bai ji ba!"

Ya sake da ƙarfi. Dariyar ta ƙaru. Ya duba, sai ya ga bencin bai karye ba, rumfar tana nan, kwanuka suna jere inda suke. Ya ja numfashi ya ci gaba. Ya ce shi ɗan Kano ne, a Fagge yake zaune, ɗalibi ne. Alhaja tana gyaɗa kai, leɓenta na bin sa, don duk ta haddace. Sai ya ɗora wata jimlar, ya bi ta da wata. Leɓen Alhaja ya tsaya.

"Me ya ce?" in ji Agnes.

"Wannan ba ya cikin kaset." Alhaja ta ƙanƙance ido. "Amma na ji biyar har sau biyu. Ɗan banza, zagi na ka yi."

"Na ce kakata tana da haƙora biyar da harsuna biyar."

Layin ya ɗauki shewa, wannan karon ba shi ake yi wa ba.

"Na ƙarshen fa? Akwai guntu a baya, ba ka cuta ta."

Ya sauko daga bencin. "Na ce ita ce malamata."

Alhaja ta buɗe baki ta rufe. Abin da Sabon Gari ba ta gani ba shekara arba'in da biyar, ranar ta gani. Ta kai gefen zani idonta, ta ɗora laifin a kan hayaƙin mai tsire, sannan ta saki dariya har haƙoran Makka suka bayyana.

"Ka kayar da ni, maigida. Okechukwu, yi haƙuri, auren ya gyaru."

Ta naɗe wayar rikodar, ta ɗora masa a hannu da kaset ɗin a ciki.

"Wa'azin fa, da me za ki ji?"

"Na ji na shekara sittin, in bai shige ni ba ai ba rikoda ce za ta tura shi ba. Ka kai wa malamin abinsa hannu da hannu. Kuma ka cika min wani da muryarka ka ba direba ya kawo. Mutumin cikin kaset ɗin nan a sunayen kwanaki ya tsaya, ni kuwa ba a bari na a rabin hanya."

Taofeek ya rungumi rikodar ya nufi tashar dogayen motoci don ya kama kujerar gobe da safe. Ya kai ƙarshen layi ke nan muryarta ta biyo shi.

"Adiyos, maigida!"

Ya juyo a tsakiyar kasuwa, ya amsa mata da iyakar muryarsa, bai ko duba masu dariya ba.