Rasuwar Allon da Goggo Ke Kallon Makka

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malam Attahiru Maccido, malamin firamare a Kebbe, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar allon kwamfutarsa, wanda ya cika ranar Talata bayan la'asar.

Marigayin ya fara aiki ne a wani ofis a Tambuwal, inda ya yi shekara shida ba a taɓa kunna shi ba. Da ya yi ritaya, Ɗangiwa mai gyaran rediyo ya ɗaura masa aure da dikoda, aka goyo shi a babur har Kebbe, aka kafa masa dish a kan soro. Tun daga ranar ya zama talabijin, bai kuma taɓa cewa wannan ba aikinsa ba ne.

Ba shi da surutu. Iyakar maganarsa "ƙiiit" in an kunna shi, sai "ɗis" in an ɗauke wuta. Tasha ɗaya ya riƙe, mai nuna ɗawafi, domin Goggo, mahaifiyar Malam. Shekara goma Malam yana yi mata alkawarin kujerar Makka. Marigayin ne ya riƙa rufa masa asiri, yana kai ta kullum daga kan tabarmarta.

Ciwon ajalinsa gajere ne. Tun bara Goggo take ƙorafin hotonsa ya dushe, alhali kowa na ganinsa tar. Ranar Talata ta ɗauko zamzam ɗin da wata maƙwabciya ta kawo mata tsaraba, wanda take ta adanawa, ta wanke masa fuska da shi tas, don ya warke. Ruwan mai albarka ne, amma ba a yi marigayin don wanka ba. Ya yi tari sau biyu, ya fitar da hayaƙi. Ɗangiwa ya zo ya buɗe bayansa, ya girgiza kai.

Ya rasu ya bar dikoda ɗaya, da rimot, da dish mai kallon gabas.

Abin da ya hana Malam sukuni shi ne, washegari Goggo ta shimfiɗa tabarmarta gaban baƙin gilashin, ta ja carbi. Da ya gitta, sai ta ce, "Gusa, Attahiru, ka tare mini Ɗakin Allah." Nan ya gane ba allon ne ya dushe ba. Ya fita zaure ya yi kuka.

Saboda haka an ɗage jana'iza. Gawar za ta ci gaba da zama a kan teburinta, a lulluɓe ta da dare, a buɗe ta da hantsi. Za a karɓi gaisuwa a zaure kawai. Wanda ya shiga gaida Goggo, in ta tambaye shi ko masu ɗawafi sun cika yau, ana roƙonsa don Allah ya ce sun cika. Ai ba ƙarya ya yi ba.