Yadda Ake Suman Baturiya a Gonar Auduga

Ke da rana ke gasawa a hawasha, gonar audugar babanki, matso kusa. Bi matakan nan, na yi miki alkawarin hutu har ƙarshen tsinka. Raliya ta wajen Kamlin ta gwada, har yau ana zancenta.

1. Nemi malama. In motar majigi ta zo, zauna gaba ki ƙura wa Baturiyar nan ta cikin fim ido. An ce shekara da shekaru tana suma a dandalin Landan, ana tafi, ana ba ta lambar yabo. Da ta gaji da hira sai ta sulale, a kwashe ta zuwa gado. Mai hankali ba ya raina ilimi don ya fito daga bango.

2. Bayan hannu a goshi. Ba tafi ba, baya. Ki yi nishi kaɗan, na masu hali. Raliya ta yi ta gwaji gaban akuya har akuyar ta daina cin dusa.

3. Duba ƙasa tukuna. Baturiya tana da darduma da wani mai kwat da ke tare ta. Ke ƙaya gare ki. Faɗa kan tarin auduga, kusa da manya.

4. Kada ki motsa. Nan Raliya ta burge ni. Gwaggonta Barakatu ta saki buhu tana salati: "Ya sattar! Mi ya sami ɗiyar ga? Ku kira Mati wanzami, maza!" A majigi kwalbar turare ake kawowa. Mati ƙarfen ƙona ciwo ya kawo, ya tura shi cikin garwashin shayi.

5. Zaɓi. In kin tashi, sunanki maƙaryaciya daga nan har Sinnar. In kin ci gaba da kwanciya, ƙarfe ya yi ja. Raliya, baiwar Allah, ta ji ƙaurin gashin ƙeyarta ba ta ko ƙifta ba. Wallahi na tausaya mata, kuma na tabbata Baturiyar ba za ta iya ba.

Mati ya goge ƙarfensa ya ce, "Halas, Hajja. Ciwon ya hita. Gobe ta koma tsinka, zuhwa shi ne sauran maganin."

Gargaɗi: mai wannan shawara ba ya ɗaukar alhakin tabo, ƙaya ko fushin gwaggo. Mai ƙorafi ta kai wa Baturiya Landan, ita ba wanzami a garinsu.