Ranar da Na Soya wa Hawainiya Gyare

Har in koma ga Allah ba zan taɓa mantawa da lokacin zafin nan na farkon shekarun casa'in ba. Rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara, council, wato hukumar unguwa, sun ba mu flat a Tottenham, na kuma koyi hawa tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ni kaɗai. Shekarar nan ji nake duk Landan a tafin hannuna take.

Ana haka maƙwabciyata Jean, wata Baturiya mai kirki, za ta je wajen yayarta kwana huɗu. Ta kawo min amanar abin da ta fi ƙauna a duniya: hawainiya. (E, hawainiyar da muke gudu a gida, ita ce mai keji da fitila a nan.) 'Yar Madagaska ce, irin da suke kira panther, wato damisa, ja da kore da shuɗi kamar sabuwar atamfa. Jean ta ajiye kejin a falona, da kwalbar fesa ruwa, da kwali cike da gyare masu rai, da takardar bayani shafi biyu.

"Kin gane komai?" in ji ta da Turanci.

"No problem," na ce. Ni da na yi ajin yaƙi da jahilci a Zariya, karatun Hausa tsaf, na Turanci kuwa sai a hankali! Amma girman kai ya hana ni cewa ta karanta min. Na cusa takardar a ƙarƙashin rediyo.

Fesa ruwa dai na iya. Matsalar gyaren ce. Na dube su suna tsalle, na ce haba, baƙuwa a gidana ta ci ɗanyen ƙwaro? Na zuba su a tafasasshen ruwa, na tsane, na soya da man gyaɗa kamar yadda innata ke soya fara, har da ɗan yaji. Na ɗibar mata a faranti, na ce, "Bismillah, 'yar gidan Jean."

Ta juyo ido ɗaya ta kalli farantin, ɗayan ya kalle ni. Ko motsi.

Kwana uku ba ta ci ba, launinta ya koma kamar gindin tukunya. In ta mutu, da wane ido zan dubi Jean? Na rage yaji. Na sake ɗumamawa. Har lallashinta na yi kamar mai yaye.

Rana ta huɗu sai ga Hajiya Memuna, ƙawata 'yar zangon Kumasi. Na shiga kicin haɗa mata shayi, na fito na tarar ta janyo ragowar suyar tana ci ƙurus-ƙurus.

"Maman Asiya, wannan fara ya yi daɗi! Wa ya kawo daga gida?"

Ban kai ga buɗe baki ba aka ƙwanƙwasa ƙofa. Jean ce, da jakarta. Ta dubi hawainiya, ta dubi kwalin da ba komai, ta dubi Hajiya da ƙafar gyare a leɓe.

"Ina ƙwarin?"

Na nuna Hajiya.

Da Jean ta fahimci zancen, sai ta zauna a ƙasa tana dariya har da hawaye. Ashe hawainiya ba ta cin abin da ba ya motsi, kuma layin farko ke nan a takardar. Ta ce kwana uku ba ya kashe ta, fushi kawai take yi. Hajiya ta kurkure baki sau bakwai, sannan ta ce, "Amma wallahi suyan ya yi."

Tun daga ranar, in an ba ni takarda nakan ce a karanta min, ko da rasit ne.

Washegari da safe na hau bas zuwa shagon dabbobi a Edmonton, na sayo gyare masu rai. A hanyar dawowa jakata sai kuka take, fasinjoji suna ta waige-waige. Na gyara mayafina, ni ma na shiga waigen tare da su.